Ratar silinda a injin yanka sitika: yadda wuƙa za ta ratsa gam ta tsaya kan takardar baya

Mai man gyaɗa, mai zuma, mai sabulu, mai kunun aya na kwalba, duk wanda ke son kayansa su hau kanta a manyan shagunan Maraɗi ko su wuce Yamai, sai ya manna musu sitika. Muddin da hannu ake mannawa, yara sun kewaye tabarma suna ɓarewa ɗaya bayan ɗaya, aibin yanka ba ya fitowa fili, don farce yana gyara abin da wuƙa ta ɓata. Ranar da mai kaya ya sayi injin mannawa ne magana ke canjawa. Ko dai naɗin sitikar ya riƙa tsinkewa a tsakiyar aiki, ko sitika ta ƙi rabuwa da takardar baya ta bi ta ta wuce, kwalba ta fita tsirara. Sai a dawo wa mai ɗab'i da naɗin gaba ɗaya, alhali launi ya yi kyau, rubutu ya fita tsaf. Abin da ya lalata aikin bai kai kaurin gashin kai ba.

Wannan bayani na wanda ke tsaye gaban injin yanka mai juyawa ne, ko babba mai bugawa da yankawa a tafiya ɗaya, ko ƙaramin da ake shigowa da shi don yanka abin da aka riga aka buga.

Abin da ake nema daga wuƙar

Takardar sitika hawa huɗu ce. Akwai fuska, wadda ake bugawa a kai. Ƙarƙashinta gam. Ƙarƙashin gam akwai shafen silikon, wanda kaurinsa wajen mikron 1 ne kacal, shi ke hana gam kama takardar baya. Sai ita takardar bayan. Mikron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita.

Aikin wuƙa shi ne ta ratsa fuska, ta ratsa gam, ta tsaya a kan silikon ba ta fasa shi ba, kamar askar wanzami da ke kwashe gashi ta bar fata lafiya. Idan ta tsaya sama, gam bai rabu ba, sitika za ta tashi tare da ragar shara, wato ragowar fuskar da ke kewaye da sitikun wadda ake yayewa. Idan ta nutse, silikon ya fashe, gam ya sami ƙofa ya shiga zaren takardar baya ya kama, kuma takardar ta yi rauni a daidai layin yankan, sai ta tsinke da zarar injin mannawa ya ja ta.

Takardar baya mai santsi da aka fi gani, wadda ake kira gilasin, mai ruwan zuma ko fara, kaurinta tsakanin mikron 50 ne da 60. Ta roba mai haske, wato PET, an fi samunta a mikron 23 ko 30. Ka riƙe waɗannan lambobi, don komai a kansu yake tafiya.

Inda ratar take

Silinda biyu ke yin aikin. Ta sama mai maganaɗisu ce, a jikinta ake naɗa farantin wuƙa, siririn ƙarfe mai lanƙwasuwa wanda aka fitar da layukan yanka a kansa. Ta ƙasa sumul take, ƙarfe mai tauri, ita ce maƙera. A bakin silindar maganaɗisu, dama da hagu, akwai zobe mai ɗan tudu fiye da jikinta. Zobban nan biyu su ke taka maƙera. Jikin silindar ba ya taɓa ta. Filin da ya rage tsakanin jikin silinda da maƙera shi ne rata.

Ratar da masana'antun Turai suka fi bi ita ce milimita 0.480, wato mikron 480. Na Amurka suna lissafi da inci 0.019, wanda ya zo mikron 483. Akwai kuma 0.580 don kaya masu kauri. Bambancin mikron 3 tsakanin na Turai da na Amurka kamar ba komai ba ne, amma masu yin faranti da kansu suna aiki ne cikin kuskuren mikron 2 zuwa 3, don haka ya isa ya sa faranti mai kyau ya yi aikin banza a kan PET.

Cikin wannan rata ne faranti da takardar baya za su raba wuri. Idan rata 480 ce, takardar baya 55, lissafin kai tsaye ya ba ka tsayin wuƙa 425. Sai dai takarda tana matsewa a ƙarƙashin kaifi, shi ya sa masu ƙera faranti suke ƙara masa kaɗan, galibi ya tsaya wajen 440. PET ba ta matsewa haka, kuma siririya ce, sai ta nemi faranti mafi tsayi. Ga abin da wannan ke nufi a shago: farantin da aka yi don gilasin, ka sa shi a kan PET mai 23, zai bar gam bai yanke ba. Farantin PET kuma, ka sa shi kan gilasin, zai nutse cikin takardar ya kusa raba ta biyu. Faranti ɗaya na takardar baya iri ɗaya ne. Idan dillalinka na Kano ya ce wancan kayan ya ƙare amma ga wani "duk ɗaya ne", ka ce masa, Alhaji, bari in auna bayan tukuna.

Abin da ya kamata ya zauna a kai tun yanzu: ratar a jikin ƙarfe take. An ƙera ta ne a tsayin zobba. Sukurorin matsi da ke saman injin ba su aka ɗora wa saita ta ba.

Mataki na farko: odar faranti

Farantin kirki daga waje yake zuwa. Sanannun masu yin sa sun haɗa da Kocher+Beck da Wink da Spilker a Jamus, da RotoMetrics a Amurka, ban da na Sin da Indiya masu sauƙin kuɗi. Kafin ya iso Maraɗi an biya jirgi, an biya mota, an jira. Kuskuren oda a nan ba irin na wanda ke zaune kusa da masana'anta ba ne, da za a sake masa gobe. Saboda haka ka ba su komai tun farko.

Ka faɗa musu ratar silindarka, wadda ka auna, ba wadda ke rubuce a takardar da ta zo da ita shekarun baya ba. Ka faɗi yawan haƙoran giyar silindar. A yawancin injunan sitika haƙori ɗaya milimita 3.175 ne, wato kashi ɗaya cikin takwas na inci, don haka silinda mai haƙori 96 kewayenta milimita 304.8 ne. Daga nan lissafin jeri ke fita: sitika huɗu a kewaye, kowace ta sami 76.2, idan tsawonta 73 ne sai tazarar 3.2 ta rage tsakaninsu, wadda ta yi daidai. Tazarar da ta gaza milimita 2 tana sa ragar shara ta riƙa tsinkewa. Ka faɗi ko injinka mai juyawa ne kai tsaye ko irin wanda takarda ke gaba tana ɗan komowa baya, domin lissafin tsawon faranti ya dogara da silindar da zai hau.

Sannan ka aika musu da guntun kayan da kansa, ba sunansa kawai ba. Fuskar takarda da fuskar roba ba kaifi ɗaya suke so ba: roba tana son kusurwa mai tsini, don ita sai an yanka ta sarai, takarda kuwa tana fashewa da kanta kafin kaifin ya kai ƙasa. Idan takardar zafi ce irin ta sikelin kanti, ko aikin yana da farin tawada mai kauri, ka faɗa, domin su biyun suna cin kaifi, gara ka biya kuɗin farantin da aka taurara bakinsa. Kuma ka roƙi mai zane ya zagaye kusurwoyin sitikar ko da da milimita 1 ko 2 ne. Kusurwa mai tsini kyau gare ta a allon kwamfuta, amma a nan raga ke fara yagewa.

Wani abu da ake mantawa: kada silinda ta yi siranta. Ƙa'idar da masu sana'ar ke bi ita ce kewayen silinda kada ya gaza faɗin aikin injin. Inji mai faɗin milimita 330 yana son silinda mai haƙori 104 ko sama, don 104 sau 3.175 ya ba da 330.2. Siririyar silinda tana lanƙwasawa a tsakiya lokacin yanka, gefe ya yanke, tsakiya ta ƙi, kuma babu matsin da zai gyara wannan.

Mataki na biyu: auna

Ka mallaki mikromita, wato na'urar auna kauri, mai karanta mikron ɗaya-ɗaya. Ba ta kai kuɗin naɗi ɗaya da aka dawo maka da shi ba. Da ita za ka auna takardar baya a duk sabon kaya: ka ɓare sitikar, ka auna a gefen dama, tsakiya, da gefen hagu, ka rubuta.

Auna ratar kanta ya fi wuya. Akwai na'ura ta musamman mai agogo da ake ɗorawa kan zobba ta karanta zurfin jikin silinda, ita ce ta fi. In babu ita, akwai dabarar da makanikai suka daɗe da sani: a cire faranti, a sa silinda a matsin aiki, a ratsa siririyar wayar dalma mai taushi wadda ta ɗan fi ratar kauri, a juya injin da hannu, sannan a auna inda ta baje. A yi a wuri uku a faɗin silinda, a kuma maimaita a wurare daban na kewayenta. Wannan ba zai ba ka lamba ta ƙarshe ba, amma zai nuna maka idan dama ta bambanta da hagu, ko idan rata ta sauka daga 480 zuwa 470. Injin a kashe, da hannu kawai. Yatsa ba ya dawowa daga tsakanin silinda biyu.

Rata tana raguwa da shekaru, domin zobba suna cinyewa, kuma hanyar da suke bi a kan maƙera tana zama kwari. Wannan ne dalilin abin da ke ba mutane mamaki: tsohon faranti yana yanka lafiya, an kawo sabo fil daga Jamus ya fara huda takardar baya. Sai a zagi masu faranti. Alhali tsohon ya dakushe ne tare da silindar, suka tsufa tare suka dace da juna, sabon kuwa an yi shi don ratar da ba ta nan. Maganin ko dai a faɗa wa mai ƙera ratar gaskiya ya rage tsayi, ko a gyara silindar, ko a sauya ta.

Mataki na uku: shara da ɗora faranti

A nan garinmu yake da nasa hali. Daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da hazo ke rufe gari, ka share tebur da safe, kafin azahar ka rubuta sunanka a kai da yatsa. Ƙwayar rairayi ɗaya a ƙarƙashin faranti tana ɗaga shi da mikron goma-goma a wannan wuri, gashin kai ɗaya kuma ya kai mikron 50 zuwa 100, wato kaurin takardar bayan gaba ɗaya. Ga maganaɗisu kuma yana jawo duk wani garin ƙarfe da ke yawo a ɗakin. Idan akwai mai walda ko mai gurza ƙarfe a maƙwabta, ka rufe tagar da ke wajensa.

Ka goge jikin silinda da ƙyalle marar zare da alkol na isopropil. Garin ƙarfen da ya manne ba ya bin ƙyalle, sai dai ka manna salatif ka ɗaga, ya taho da shi. Ka goge bayan faranti haka nan. Ka goge maƙera, ka cire duk wani gam da ya bushe a kanta, amma kada reza ko takardar yashi su kusance ta. Daga ƙarshe ka bi silindar da tafin hannu mai tsabta, fata tana jin abin da ido bai gani ba.

Wajen ɗorawa, akwai siririn layi da aka zana a tsawon silindar. Ka daidaita bakin farantin da shi, ka bar maganaɗisu ya kama bakin kawai, sannan ka juya silindar a hankali farantin ya kwanta da kansa. Kada ka sake shi ya faɗa gaba ɗaya, zai kama a karkace, kuma garin jan sa ne ake lanƙwasa shi. Ka duba inda baki biyu suka haɗu: kada ɗaya ya hau ɗaya, kuma layukan su fuskanci juna. In ya karkace, ka ɗaga da abin ɗagawa na roba ka sake. Sukundireba ba ta da aiki a nan.

Mataki na huɗu: matsi

Yawancin faranti da silinda da suka mutu kafin lokacinsu, hannun mai inji ne ya kashe su, a kan sukurorin nan biyu.

Aikin matsi ɗaya ne: ya riƙe zobba manne da maƙera a lokacin da wuƙa ke shiga kaya. Layin da ke bin tsawon takarda yana yanka kaɗan-kaɗan, ba ya neman ƙarfi. Layin da ya gitta kuwa yana sauka gaba ɗaya a lokaci guda, duk sitikun da ke jere a faɗi, sai ya nemi ɗaga silindar sama. Matsi shi ke hana wannan tsalle. Da zarar zobba sun zauna daram ba sa ɗagawa, matsi ya gama aikinsa. Abin da ka ƙara bayan nan yana ɗan danne ƙarfen zobban ne, ka sami mikron kaɗan na ɗan lokaci, ka biya da cinyewar zobba da boris da zafi.

Ka fara da sako-sako. Ka sauke sukurori har zobba su taɓa, ka tafiyar da injin a hankali, ka riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan, dama da hagu daidai wa daida, har raga ta fara tashi ta bar sitika a zaune. Ka ƙara ɗan kaɗan saboda gudu, ka tsaya. Idan injinka yana da agogon matsi a gefe biyu, ka rubuta lambar da aikin ya kama a kai, ka manna a jikin ambulan farantin. Idan babu, agogon nan na daga abin da ya cancanci a saya, domin hannu ba ya tuna jiya, kuma hannun maigida da na yaronsa ba ɗaya ba ne. Ranar da farantin ya nemi matsi fiye da abin da aka rubuta, labari yake ba ka: ya fara dakushewa, ko wani abu ya canja.

Zobba suna son mai. Yawancin injuna suna da ɗan soso da ke shafa musu siririn mai yayin da suke juyawa. Ka duba shi kullum. A ƙurarmu soson yana zama tamkar dutsen wasa idan ya sha rairayi ya bushe, don haka a wanke ko a sauya, ba a ƙara masa mai a kan datti ba.

Mataki na biyar: gwajin maka

Kada ka yarda da ido. Ka yanko takarda mai tsawon da ya kai kewayen silinda sau biyu ko uku, da cikakken faɗinta, ka ɓare sitikun duka. Ka shafe takardar bayan da maka, wato alƙalamin tawada mai faɗin baki, ko da tawada mai ruwa, ka goge da ƙyalle nan take. Inda silikon yake lafiya tawada ba ta zama, gogewa take. Inda wuƙa ta fasa shi, tawadar za ta shige zaren takarda ta bar layi mai duhu. Ɗan sawu marar launi, wanda sai ka karkata takardar ga haske kake ganinsa, shi ake so. Layi mai duhu a ci gaba, ko wanda ya ɓullo ta bayan takardar, yanka ya nutse.

PET ba ta shan tawada, sai a gwada ta wata hanya: ka ɗaga ta ga haske, sannan ka kama gefe biyu na layin yankan ka finciko da ƙarfi. In ta tsage tsaf a kan layin, an ji mata rauni.

Takardar gwajin nan ita ce za ta gaya maka inda ciwon yake, in ka iya karanta ta. Gefe ɗaya ya nutse ɗaya bai yanke ba, matsi bai daidaita ba, ko zobe ɗaya ya fi cinyewa. Gefe biyu sun yanke tsakiya ta ƙi, silinda na lanƙwasawa ko tsakiyar maƙera ta cinye. Layukan tsawo sun yanke na gicciye sun ƙi, matsi ya gaza ko silindar ta yi siranta. Tabo ɗaya da ke dawowa a sitika ɗaya a kowane zagaye, datti ne a ƙarƙashin faranti ko kaifi ya ɓalle a wurin. Tabon da ke yawo, yanzu a wannan sitika an jima a waccan, na maƙera ne, tunda kewayenta galibi ba ɗaya yake da na silindar ba. In kana shakkar faranti ne ko silinda, ka cire farantin, ka goge, ka mayar da shi a wani wuri na kewayen silindar. Aibin ya bi faranti, nasa ne. Ya tsaya inda yake, na silinda ne.

Ka yi wannan gwaji a farkon aiki, da duk lokacin da aka sa sabon naɗi, da kuma bayan injin ya ɗauki zafi.

Zafi

A Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Maraɗi ke wuce digiri 40 a inuwa, ɗakin kwano ya fi haka. Ƙarfe yana buɗewa da wajen mikron 11 zuwa 12 a kowace mita a kowane digiri. Idan silinda da zobbanta suka yi zafi tare, rata ba ta canjawa da wani abin kirki. Matsalar ita ce zobba su ke gogayya, su ke riga jiki yin zafi. Ɗauki silinda mai haƙori 96, wadda kaurinta wajen milimita 97 ne. Idan zobba suka fi jikin zafi da digiri 10, kaurinsu zai ƙaru da wajen mikron 11, rabin wannan shi ke shiga rata: mikron 5 zuwa 6. A kan PET mai 23 wannan ya isa ya hana yanka.

Ga yadda abin ke faruwa. An fara da safe lafiya. Wajen sha ɗaya sitika ta fara bin raga. Yaro ya ƙara matsi, ta gyaru. Matsin ya ƙara gogayya, zobba suka ƙara zafi, bayan rabin awa ta sake bin raga, ya sake ƙarawa. Aka tafi sallar azahar, ko wuta ta ɗauke, injin ya huce, zobba suka koma yadda suke, amma sukurori na nan inda aka bar su. Da aka tayar, sai wuƙa ta nutse, kuma ba wanda ya duba, tunda raga tana tashi lafiya. Naɗin da ake dawowa da shi sau da yawa na bayan hutu ne.

Don haka idan yanka ya fara gazawa a tsakiyar aiki, ka tsayar da injin ka taɓa zobba da bayan hannu kafin ka taɓa sukurori. In sun yi zafi, ka duba mai, ka rage gudu, ka sa fanka ta busa wurin, ba ta ɗebo ƙurar ƙasa ba. Duk tsayawar da ta yi tsawo, a sassauta matsi, a sake saitawa daga ƙasa, a sake gwajin maka. Aikin PET da duk wani mai tsanani, a bazara, gara a yi shi da sassafe ko da dare.

Zafin yana taɓa gam ma. Gam irin wanda ake narkawa da zafi yana laushi, ya malalo ya sake haɗewa a bayan wuƙa, sai ka ga kamar ba a yanka ba alhali an yanka. Alamarsa zare-zaren gam tsakanin sitika da raga. Wannan ba na rata ba ne, kada ka ƙara matsi. Ka matso da wurin yaye raga kusa da wuƙa gwargwadon yadda injin ya yarda, ka goge kaifin faranti da alkol, kuma ka ajiye naɗin a ɗaki mafi sanyi. Masu yin takardar sitika suna so a ajiye ta wajen digiri 20 zuwa 25 da laimar iska kusan kashi 50 cikin ɗari. Ba kowa ke da wannan ɗaki ba, amma kowa na iya barin naɗi cikin ledarsa, nesa da bango mai shan rana, a kuma shigo da shi ɗakin injin kwana ɗaya kafin aiki. A hunturu takardar baya tana bushewa ta naɗe baki, a Agusta ta sha laima ta kumbura, mikromita za ta nuna maka bambancin.

Maƙera mai saituwa

Akwai maƙerar da ake iya matso da jikinta ko a janye shi ba tare da an taɓa matsi ba, ana juya ɗan maɓalli rata ta canja da wajen mikron ɗaya-ɗaya, wasu ma dama daban hagu daban. GapMaster na Kocher+Beck da SmartGap na Wink suna cikin sanannu. Da ita faranti ɗaya zai iya bin takardun baya masu bambancin kauri, kuma idan ya fara dakushewa a rage rata kaɗan a ci gaba da shi. Tana da tsada. A ganina, shagon da ke aiki da gilasin iri ɗaya daga dillali ɗaya bai buƙace ta ba, mikromita da agogon matsi da ƙyalle mai tsabta sun fi masa amfani. Wanda kayansa ke canjawa kowane wata, gwargwadon abin da mota ta kawo, ko wanda ya shiga aikin PET, shi ya kamata ya yi lissafinta. Tsakanin biyun akwai hanya mai rahusa: maƙera ta biyu wadda aka ƙera tsakiyarta da ƙarin ko ragin ƴan mikron, a sauya ta idan kayan ya canja.

Bayan an gama

Ka sassauta matsi kafin komai. Ka ɗaga farantin da abin roba daga kusurwa, ka bar shi ya biyo juyawar silinda. Ka wanke gam da tawada daga kaifin da alkol da burushi mai taushi, gaba da baya, ka bar shi ya bushe, ka shafa masa siririn mai saboda tsatsar damina. Ka mayar da shi ambulan ko kwalin da ya zo ciki, kada kaifi ya taɓa kaifin wani. A jikin ambulan ka rubuta kwanan wata, silindar da ya hau, irin takardar baya da kaurinta, matsin da ya kama, da yawan mitar da ya yanka, ka kuma saka guntun takardar gwajin maka ta ranar a ciki. Silindar maganaɗisu kuma a naɗe ta da leda ko ƙyalle, a ɗora ta a kan katako ta wuyanta biyu, zobba ba sa taɓa siminti.